Atamfar Jajibirin Baraka Mai Ƙuli

A Ƙofar Durbi in ka tambayi gidan mahaifina Malam Salihu masinja sai a tsaya ana tunani, amma in ka ce gidan Baraka mai ƙuli, ba ka ma bukatar ɗan jagora, ƙamshin suyar gyaɗa zai kai ka har zaure. Mahaifiyata ce. Allah ya yafe mini da na kama sunanta gatsal, ban taɓa yin haka a gabanta ba. Yaya nake ce mata, don haka na buɗe ido na ji ƙanwarta Inna Rabi tana kiranta, kuma a hannun Inna Rabin aka yaye ni, ban dawo gidanmu ba sai da na shiga firamare.

Ni ne ɗan fari, ita kuwa Yaya irin mutanen da ce, masu riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Sunana Mati, amma a bakinta ni ne "wancan", ran da take cikin nishaɗi kuma "mutumin Rabi". Ba ta miƙa mini abu hannu da hannu, ba ta yabona, in ana yabona a gabanta sai ta tashi ta kama wani aiki. In tana son in ci abinci, bango take yi wa magana: "Akwai tuwo ruhe, ko wa ke so." Ƙannena mata uku kuwa har goya su take tana yi musu kirari. Ban taɓa jin haushi ba, kowa ya san kara ce, ba ƙi ba.

Tun kafin a haife ni take sana'arta, kuma ba ta canza ko ɗaya daga cikin tsarinta ba. Ana idar da sallar asuba ta ɗora kasko, ta soya gyaɗa da rairayi, ta murje ta sheƙe, a kai inji a niƙo. Sannan babban aiki ya taso, na juyawa a turmi ana yayyafa ruwan zafi har mai ya fito. Ta matse tunkuza, ta mulmula ƙuli, ta koma gindin wuta. Masu tsire na Ƙofar Guga wurinta suke sari, don ita ba ta yi wa ƙulinta gauraye da garin rogo. Tafin hannunta ya yi kanta har ba ta jin zafin garwashi, da yatsu take gyara wuta. Da Baba ya rasu a shekarar 1988, da wannan turmi ta aurar da ƙannena, da shi kuma na gama babbar difloma.

To, nan aka haifi ɗan boko a gidan masu ƙuli. Na samu aikin ofis a wani kamfanin sayen auduga, na auri Rashida, na kama hayar ciki da falo a Ƙofar 'Yandaka, har ina sa takalmi sau-ciki da safa a cikin zafin bazara. Ba a yi shekara biyu ba kamfanin ya rufe. Lokacin soja ne, ko'ina ka kai takarda sai a ce an dakatar da ɗaukar ma'aikata. Da ina da hankali da na nemi tebur a kasuwa ko na karɓi hayar babur. Amma yaya mai babbar difloma zai yi kabu-kabu? Sai na zaɓi abin da ya fi mini sauƙi. Kullum da safe in sa kaya masu guga, in ɗauki fayil, in tafi majalisar mai shayi a Ƙofar Guga in zauna har azahar. Duk wanda ya tambaya sai in ce ina bin wata kwangila.

Wata ranar Alhamis, muna zaune tukunya ba ta hau wuta ba, sai ga sallamar Inna Rabi. Ta sauke kwando a gaban Rashida: gero, wake, kwalbar mai, daddawa, da wani ɗan ƙullin kuɗi a bakin tsumma.

"Ungo, in ji mutanen gida, wai a ba yara."

Yaro ɗaya gare mu a lokacin, kuma ko haƙori bai fitar ba, balle ya ci wake. Na ce an gode, kaina a ƙasa. Alhamis ta zagayo, kwando ya dawo. Ta sake zagayowa, ya sake dawowa. Kuɗin haya ma ta wannan hanya yake zuwa, haka maganin Rashida da ta yi ɓari, haka ragon sunan ɗiyata ta biyu wanda abokai suka yi ta shafa bayansa suna cewa na yi ƙoƙari.

Abin da ya fi ba ni kunya yanzu shi ne yadda na fake a bayan al'ada. Tun da Yaya ba za ta iya cewa ta ba ni ba, ni ma sai na zama ba sai na ce na karɓa ba. In je gaishe ta ran Juma'a, in tsuguna a bakin ƙofa, ta amsa tana kallon murhu, in tashi in kaɗe rigata. Ko sau ɗaya ban ce mata Allah ya saka ba. Ina gaya wa kaina wai kada in ba ta kunya, alhali tawa kunyar nake ɓoyewa.

Akwai wata ɗabi'a ta matan layinmu. Ranar jajibirin ƙaramar Sallah bayan la'asar, gidan Yaya suke taruwa, saboda tsakar gidanta ya fi faɗi, ana kitso ana ƙunshi. A nan kowace tsohuwa ke baje abin da ɗanta ya kawo mata na Sallah, a yi ta juyawa ana taɓawa, ana sa albarka, a rangaɗa guɗa. Ba ɗinki ake jira ba, zane ne, a daren za a yanka a kai wa tela ya yi kalmasa, da safe a ɗaura. Sarauniyar wannan zama ita ce Hajiya Binta, maƙwabciyarmu, wadda ɗanta ke fatauci zuwa Maraɗi, bakinta kuma ya fi reza.

Sallar farko bayan rufe kamfani ban je ba. Na kwanta a ɗaki na ce zazzaɓi nake. Daga baya Inna Rabi ta gaya mini Hajiya Binta ta tambaya har sau uku, "Shin ina ɗan bokon namu, ko sai dare?" Yaya ta yi kamar ba ta ji ba, ta ci gaba da kwaɓa lalle.

Da azumi ya zagayo, ana saura kwana uku Sallah, Inna Rabi ta zo ba ranar Alhamis ba. Ta jawo ni waje, ta zaro wani abu daga cikin mayafi, a naɗe a takardar siminti mai tsabta. Turmin atamfa ne, mai ruwan ganye.

"Ka kai mata jajibiri, bayan la'asar, sa'ad da mata ke nan."

Na ce, "Inna, wa ya saya?"

"Kai dai ka kai. Tambaya ta mi? Kuma ka sa babbar riga, kar ka taho mani kamar wanda anka koro."

Na gane. Ita ta tara, ita ta aiki Inna Rabi kasuwa, ita ta zaɓi launi, ni ɗauka kawai aka bar mini. Na sa babbar riga na ɗauka. Na yi sallama na tsuguna a tsakar gida, na ajiye a gefen tabarma. Yaya ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "A aje can." Mata suka warware, Hajiya Binta ta murza bakin zanen da yatsu, ta shinshina, ta ce, "Kai, wanga ba na yara ba ne!" Aka ɗauki guɗa. Tsofaffi suka yi ta zuba mini albarka, Allah ya ba ka masu yi maka, Allah ya ƙara buɗi, ina cewa amin, amin. Na saci kallon Yaya. Ta juya baya tana gyara itace a murhun da ba wuta, amma na ga gefen fuskarta, murmushi take.

Sau huɗu na yi wannan aike, kuma ba zan ɓoye ba, daga na biyu na fara jin daɗinsa. Mutum in ya daɗe yana amsa amin a kan abin da bai yi ba, sai ya fara jin kamar ya yi. Har tafiyata ta canza a layin. Ana nuna ni ana ce wa samari su yi koyi da Mati.

Sai aka buga gangar siyasa. Soja suka ce za su koma bariki, gari ya ɗauka, majalisarmu ta mai shayi ta koma ofishin kamfen. Nu'uman, wanda muka yi sakandare tare, ya fito takarar kansila, na ce to ga ranata ta zo. Ba abin da ban yi ba. Na liƙa fosta, na ɗauki kujeru a ka, na yi ihu a bayan a-kori-kura har muryata ta dushe. Man babur ɗin da nake ara ma daga ƙullin Alhamis yake fitowa. Nu'uman ya ci. Ranar da aka rantsar da farar hula a watan Mayun 1999, na yi rawa a titi kamar ni aka ba mulkin. Na ce wa Rashida ta kwantar da hankalinta, kafin damina ta faɗi sosai ina ofis.

Damina ta faɗi ta ɗauke. Kullum ina ƙofar gidan Nu'uman, kullum ka dawo Litinin. Na ga an ɗauki waɗanda ko sakandare ba su gama ba. Cikin azumi na kasa haƙuri, na tare shi zai shiga mota.

"Ranka ya daɗe, wai laihin mi na yi?"

Ya dafa kafaɗata, da zuciya ɗaya, ba da izgili ba. "Haba Mati, kai ai Allah ya ruhwa maka asiri. Kowa ya san kai ke riƙe da gidanku. Uwargidana ta ce tsohuwarka duk Sallah sai ta ɗaura abin da matan 'yan kasuwa ba su ɗaura ba. Gurabun kaɗan ne, bari mu hwara da waɗanda ba su da na tuwo."

Ya ja ƙofa ya tafi. Na rasa wanda zan zaga. Daga nan na wuce Ƙofar Durbi, ban san me ya kai ni ba. Na tarar da Yaya a bakin kasko da azumi a bakinta, tana tari, ta ɗaure ƙugu da tsohon ɗankwali saboda ciwon baya. Ta tsufa ban lura ba. Ya kamata tausayi ya kama ni, kuma ya kama ni, amma tare da shi sai ga wani haushi. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Na ji kamar ita ta saka mini wannan riga da ta hana ni aiki.

Na kwana uku ina saƙawa. Na gaya wa kaina gaskiya zan faɗa, tuba zan yi a cikin wata mai alfarma, in mayar wa mai haƙƙi haƙƙinta a san irin uwar da Allah ya ba ni. Da kyau a baki. Amma can ƙasan zuciyata na san abin da nake so: maganar ta isa kunnen matar Nu'uman. Ban shawarci Rashida ba, ban shawarci Inna Rabi ba, don na san abin da za su ce.

Rana ba ta ƙarya. Inna Rabi ta kawo turmi na biyar, ruwan goro, na sa babbar riga na ɗauka. Gida cike da mata, hannuwa da ƙafafu a naɗe da ƙunshi. Na ajiye, aka warware, Hajiya Binta ta buɗe baki za ta yi guɗa, sai na ɗaga hannu.

"Iyayena, ku dakata. Albarkar ga da kuke sa mani ba tawa ba ce. Atamhwar ga ita ta saya da kuɗinta, da ta bara, da ta bara waccan, duka. Ni shekara shidda ba ni da aikin hwari balle na baƙi. Abin da muke ci ni da iyalina daga turmin ga yake hitowa. Ita ya kamata ku sa ma albarka."

Ina jiran a ce Allahu Akbar, a ce ga ɗa mai gaskiya, wata ma ta yi hawaye. Ba haka aka yi ba. Mai kitso ta tsaya da tsinke a hannu. Inna Rabi ta dafe kai ta ce, "Innalillahi." Hajiya Binta ta ninke atamfar a hankali, ta mayar cikin takarda, ta ce, "Ikon Allah. Ashe Baraka haka kike son ɗan hwarin ga naki?" Wata yarinyar amarya ta ƙyalƙyale da dariya, aka harare ta.

Yaya ta miƙe, ƙafarta ɗaya da ƙunshin lalle, ta taka a haka ta shiga ɗaki ta saki labule. Sawun lalle ya bi ta har bakin ƙofa.

A lokacin ne na fara gane abin da na yi, amma sai da Inna Rabi ta biyo ni zaure ta ƙarasa mini karatun. Ban taɓa ganin ranta ya ɓaci haka ba.

"Kai wane irin sakarai ne? Ka zaci kai kaɗai anka ruhe da zanen ga? Mace ta yi shekara talatin da biyar ba ta kama sunanka ba, ka tashi gaban su Binta ka hwaɗa ma duniya kai ne cikin ranta! Kuma ka hwaɗa masu ɗan da ta yi ma boko bai tsinana mata komi ba, ka maishe ta maƙaryaciya mai saye ma kanta guɗa. Yini ɗaya tak gare ta a shekara da take zamna cikin mata ta ji ita ma ta haihu. Shi ne ka amshe. Ɗan kuka mai ja ma uwarshi jihwa!"

Na ce, "Inna, gaskiya na hwaɗa."

"Gaskiyar taka ce kai ɗaya? Ka tambaye ta kahin ka rabar?"

Na sunkuyar da kai na fita. Yaya ba ta fita Idi ba a wannan Sallar, ta ce ƙafa ke damunta. Ta yi kusan wata biyu ba ta shiga biki ko suna ba. A layi aka samu abin taunawa, har aka mayar da shi karin magana, in yarinya ta yi sabon ɗinki sai a ce, "An saya miki ne ko irin na Baraka?" Da na je ba ta haƙuri na tsuguna a bakin ƙofa na yi ta zuba, sai da na gaji ta ce da murhu, "A tashi haka nan, ana tare ma mutane haske." Ranar Alhamis kuwa kwando ya zo kamar kullum. Wannan kwandon ya fi duka ciwo, na kasa cin tuwon daren.

Abin da na ƙulla a zuci kuma ya auku. Ba a yi sati uku ba Nu'uman ya aiko a kira ni, yana ta salati, yana cewa me ya hana in gaya masa tun farko. Ya shiga ya fita, kafin damina aka ba ni koyarwa a wata firamare a bayan gari. Mutane suka yi ta yi mini murna. Ni kaɗai na san da me na sayi wannan alli, kuma ba da abina na saya ba.

Na roƙi Inna Rabi ta daina kawo kwando, aka daina. Na shiga tanadi tun daga albashin farko, na hana kaina shayi da nama, saboda abu ɗaya. Da azumi ya raba tsakiya na shiga kasuwa da ƙafata, na sa aka sauko mini da atamfa mai tsada, shuɗiya mai zanen ganye, na biya da gumina. A hanya har ina magana ni kaɗai, ina cewa yau zan wanke abin da na ɓata.

Matan sun taru a jajibirin, ko da yake ba su kai na da ba. Na yi sallama, na tsuguna, na ajiye. Hajiya Binta ta jawo ta warware, ta murza, ta ɗaga ta a rana. Ba ta ko dube ni ba, Yaya ta juya wa.

"Baraka, bana kin iya zaɓe. Wurin wa kika saya?"

Aka yi 'yar dariya ƙasa-ƙasa. Inna Rabi ta taso tana rantsuwa, wallahi tallahi wannan karon shi ya saya da albashinsa. Hajiya Binta ta ce, "Yo Rabi, ai ke ce 'yar aiken, mi za ki ce?" Dariya ta ƙaru. Ni kuwa na riga na kashe maganata a wannan tsakar gida da bakina.

Mutum ɗaya ce za ta iya raba gardamar, kuma na ga leɓenta ya motsa. Ta san ba ita ta saya ba. Amma kafin ta faɗa sai ta yabi ɗan fari a gaban mata, ta tsaya masa, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta haife ni. Ta sunkuyar da kai, ta jawo ƙwaryar lalle gabanta ta ci gaba da kwaɓawa. Na tashi na fita, na tsaya a zaure ina share ido da hannun babbar riga.

Da safe ta ɗaura shuɗiyar atamfar ta tafi Idi, ta bi ta ƙofar gidan Hajiya Binta a hankali, da sandarta. Ta yi shekara huɗu a duniya bayan wannan. Kowace Sallah ina kai mata turmi da kuɗina, kowace Sallah tana ɗaurawa, kuma har ta koma ga Allah ba a sake yi mata guɗa ba.